Ina lagireton jirgin nan?

Ka ce ka duba hoton jirgin saman tseren nan na Ingila, Supermarine S.6B, sama da ƙasa ba ka ga lagireto ba, kana tambaya ko injin ba ya ɗaukar zafi ne. Yaro, yana ɗauka mana! Injin Rolls-Royce ne mai ƙarfin dawaki sama da 2,000. Lagireton kuwa ai shi kake kallo, jirgin ne gaba ɗayansa.

An ƙera shi don gasar Schneider, tseren jiragen da ke tashi daga kan ruwa, wadda aka soma a Monako a 1913. Daga baya sojojin Amurka da Italiya da Ingila suka mamaye ta. A tsere irin wannan, duk abin da ya turo kai daga jikin jirgi iska za ta kama shi. Ka rataya masa lagireto irin na tifa a goshi, ka gama da gudu. Sai maƙerinsa, R. J. Mitchell, ya yi wa fiffike fata biyu ta alminiyom da ɗan rata a tsakani, ruwan zafi na bi ta ciki, iska na shafar bayan tana kwashe zafin. Haka aka yi wa saman kwale-kwalen nan biyu da yake tsayawa a kansu. Baƙin mai kuma tankinsa a wutsiya yake, yana zuwa yana dawowa ta hanyoyin da aka shimfiɗa a gefen jiki. Dabarar fiffiken ba Mitchell ne ya fara ta ba, jiragen Curtiss na sojan ruwan Amurka da ita suka ci gasar 1923.

Yanzu ka kalle shi da idon mai gyara. Ribiti ɗaya ya yi sako-sako, ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone a sama. Kai da jiya ka bar min haɗin tiyo yana ɗiga!

Fetur ma a cikin kwale-kwalen yake, kuma na dama ya fi shan lodi, don juyin farfela kan danna na hagu cikin ruwa lokacin tashi.

Da wannan tsari Ingila ta riƙe kofin ɗungurungum a 1931, jirgin kuma ya haura kilomita 650 a awa cikin watan Satumban shekarar. Amma ba za ka kai shi yaƙi ba, harsashi ɗaya a fiffike ya ishe shi. Da Mitchell ya zo ƙera jirgin yaƙin nan Spitfire, sai ya mayar da lagireto ƙarƙashin fiffike.

Miƙo min sifanar can, ka koma kan tiyon nan.