Tambaya da Amsa: Daga Ina Tumatir da Masara Suka Zo Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kura. Kakata takan ce da ƙuruciyarsu miyar kuka da ta kuɓewa suka sani, tumatir kuwa sai daga baya ya shiga tukunyarsu. Shin gaskiya ne tumatir, har ma da masara da barkono, ba 'yan ƙasar nan ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kakarka ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Tumatir da barkono da masara da rogo da gyaɗa duk 'yan nahiyar Amurka ne, kuma ba a san su a Afirka ko Turai ko Asiya ba sai bayan shekarar 1492, lokacin da Kolumbus ya ƙetare Tekun Atilantika, jiragen ruwan Sifaniya da Fotugal suka fara jigilar iri daga wannan gaɓa zuwa waccan. A kudancin Meziko aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma masana da dama suna ganin sunanta na Hausa daga Masar ya samo asali, wato alama ce ta hanyar da ta biyo kafin ta iso gare mu. Ko dankalin Turawa ma ba nasu ba ne, daga tsaunukan Andis na Peru da Bolibiya ya fito.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barkono, domin mutane kan ɗauka cewa kafin zuwansa abincinmu lami ne. Ba haka ba ne. Idan ka leƙa turmi ranar da ake dakan yajin jego, za ka tarar da masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda duk 'yan Afirka ta Yamma ne, kuma irinsu ne ke ba abinci yaji tun kafin barkono ya iso. Turawa sun sayi wannan citta da yawa, har suka riƙa kiran gaɓar tekun Laberiya ta yau da sunanta. Haka nan gero da dawa da wake da kuka da ɗorawar da ake daddawa da ƙwayarta, duk a Afirka suka samo asali, shi ya sa miyar da kakarka ta sani ta girmi jar miya nesa ba kusa ba.

Ba mu kaɗai muka karɓi baƙin ba. Mutanen Italiya, waɗanda yau ba sa rabuwa da miyar tumatir a kan taliya, sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi bayan ya iso musu a ƙarni na 16, Indiyawa kuma daga hannun 'yan Fotugal suka karɓi barkono.

Gyaɗa ta tarar da gujiya a gonakinmu, ta kuma sha gabanta, musamman bayan jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, har aka wayi gari ana tara buhunanta dala-dala. Tumatirin da kake nomawa kuwa ya bunƙasa ne a yankinku bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ruwanta ke bi ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam.