Filin Lafiyar Dabbobi: Karena Ya Makance, In Yar Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi, shekararsa 9 a gidana. Tun ƙarshen damina yake karo da turmi da bango, idanunsa duka biyu sun yi fari. Maƙwabta na cewa amfaninsa ya ƙare, in kai shi bayan gari in yar. Me kuke gani? Daga wani magidanci, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yar da shi. Makahon karen da aka jefar a bayan gari ba ya daɗewa: ko mota ta take shi, ko ƙishirwa ta kashe shi, ko yara su bi shi da jifa. Ka kuma san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare. Amfaninsa ma bai ƙare ba, domin hanci da kunne ne jagoran kare, ido na bayansu. Baƙon da ya tsaya a ƙofar zaure da dare, karenka zai ji shi, zai kuma yi haushi kamar da.

Fara gwada ganinsa. Ka saki ɗan curin auduga a gaban fuskarsa, sau uku, da rana da kuma da magariba. Auduga ba ta da ƙara, ba ta da wari, don haka in ya bi ta da ido to da sauran gani.

Farin ido iri-iri ne, kuma a nan mutane ke yin asara. Akwai hazo-hazon tsufa da ke farawa wajen shekara 7, wanda ba ya hana gani sosai. Akwai yanar ido ta gaske. Idan yanar ta rufe idon biyu cikin 'yan makonni, ga yawan shan ruwa da fitsari da rama alhali yana cin abinci, to a auna sukarinsa. Kare mai kilo 15 yakan sha ƙasa da lita 1 a yini. In ya zarce lita ɗaya da rabi kullum, akwai magana. Amma da ka ce ƙarshen damina, kaska ce ta fara zuwa mana a rai. Akwai cutar jini da take sa wa kare, mai kawo zazzaɓi, haɓo, dasashi ya yi fari, jini ya taru a cikin ido. Maganinta doksisaiklin ne na kwana 28 cur, kuma yanke shi a mako guda don an ga sauƙi shi ke dawo da ciwon. Karen da ake kaiwa farauta dajin da ke da ƙudan tsando kuwa, sammore kan sa idonsa ya yi fari. Waɗannan biyun ɗigon jini ne ke bambanta su, kuma in an kama su da wuri gani na iya dawowa. Ka kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a wannan makon. In ko ido ya yi ja, ya kumbura, yana runtse shi yana goga shi da ƙafa, wannan na yau ne, domin hawan jinin ido na iya kashe gani cikin kwana ɗaya ko biyu, ga zafi mai tsanani.

Muna roƙonka kada ka sayo maganin ɗigawa a kemis da ka. Da yawansu na ɗauke da deksametason, wanda in akwai gyambo a kan ido sai ya ƙara zurfafa shi har idon ya fashe. Ban da kwalli, ban da ruwan ganye. Haka allurar aibamektin ta shanu da wasu ke ɗura wa kare saboda kaska: in ta yi yawa, ita kanta tana makantarwa.

In likita ya ce gani ba zai dawo ba, sai gyaran gida. Rijiya ce ta farko: murfi mai nauyi, wanda ba zai ture da hanci ba. Sai ramin sokawe, bakin kwata, murhu mai garwashi, da babur ɗin da aka jingine salansarsa da zafi. Bayan nan ka bar komai inda yake. Kare na haddace tsakar gida da ƙafa da hanci, kuma duk ranar da aka matsar da turmi ko randa an rushe masa haddar. Kwanon ruwa, kwanon abinci da makwanci su zauna wuri guda. Ka shimfiɗa tsohon buhu a gaban dokin ƙofa da kowace matakala, ƙafarsa ta riƙa gaya masa ya iso. Makon farko ka zaga da shi da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi, safe da yamma, kana cewa “tsaya” kafin cikas, “hau” kafin tudu, kalma ɗaya ba sauyi. Kada a aske masa gashin baki, da shi yake jin bango kafin ya buge shi. Sannu ba ta hana zuwa. Yawanci cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni za ka ga yana ratsa gidan ba ya taɓa komai.

Tambaya: Karyarmu ta daina amsa kira, tana yawan kaɗa kai, kunnenta na wari. Jiya ta kai wa jikana cizo da ya taɓa ta tana barci, Allah Ya kiyaye ba ta same shi ba. Daga wata uwargida, Hanwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara kiyayewa. Warin nan da kaɗa kai alamar ciwon cikin kunne ne, kuma kurumtar da kumburi ko dauɗa suka kawo takan warke. Sai dai likita ya leƙa ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba kafin a ɗiga komai, saboda magunguna irin su jentamaisin in suka wuce ciki sukan mayar da kurumtar ta dindindin. Kada a zuba manja ko kananzir, kada a tura tsinke. Don gwaji, ki tsaya bayanta inda ba ta ganinki ki kaɗa makullai, ki duba ko kunnuwanta za su motsa. Kada ki buga ƙafa, domin tana jin dirin ƙasa a jikinta.

Cizon da ta kai, firgita ce. Kurman kare na yin barci mai nauyi, sai kawai ya ji hannu a kansa. A koya wa yaran gida su bar ta in tana kwance. Babba in zai tashe ta, ya ajiye hannu kusa da hancinta har ta shinshina, sannan ya shafa kafaɗa, wuri ɗaya kullum. A maye kira da alamar hannu: buɗaɗɗen tafi na nufin tsaya, yafito na nufin zo, a bi kowace da ɗan guntun nama nan take. Da dare a kunna tocila a kashe sau biyu. Kada ta fita titi ba igiya, tunda ba ta jin hon, kuma mai mota ya leƙa ƙarƙashi kafin ya tayar. Ki duba katin rigakafinta na ciwon haukan kare, allurar duk shekara ce. In ba a yi ba, kuma halinta ya sauya farat ɗaya ko tana dalalar da miyau, a killace ta a kira likita. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti.

Tambaya: Tsohon karen farautata ba ya gani, ba ya ji. Ta yaya zan san ko wahala yake sha? Daga wani mafarauci, Shika.

Amsa: Baba, ka duba abu huɗu: yana cin abinci da marmari, yana tashi da kansa ya je ba-haya nesa da makwancinsa, yana kaɗa wutsiya in ya shinshino ka, yana barci ba nishi ba kuka. In waɗannan na nan, lafiya lau yake zaune. Ka riƙa yi masa magana da taɓawa, shafa ƙirji ya taso, taɓa ƙugu sau biyu ya zauna, ka kuma ajiye tsohuwar rigarka a makwancinsa. Ka rage masa tuwo kaɗan tunda ya bar gudu, ƙiba na ƙara masa ciwon gaɓoɓi, kuma da hunturu ka ɗaga makwancin daga siminti. In ya ƙi abinci kwana biyu, ko ya kasa tashi yana ɓata jikinsa, ka kai shi Samaru. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibufurofen da daiklofenak na huda masa ciki su lalata ƙoda. In ciwon ya wuce magani, likitan dabbobi na da allurar da ke kawo ƙarshen wahalar ba tare da azaba ba. Guba ko duka ba hanya ba ce.