Kada ki ajiye aiki saboda ɗakin sauya kaya

Wasiƙar wannan makon daga Ingila ta zo, daga wata ƙanwarmu 'yar Tudun Wada a nan Kaduna. Na gajarta ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata biyu da rabi ina aiki a gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, su suka ɗauki nauyin bizata. Dole a wurin aiki muke sauya kaya, ba a yarda mu zo da yunifom daga gida ba. Tun da aka mayar da ɗakin mata sito, ɗaki ɗaya muke shiga maza da mata, labule kawai ya raba mu. Sau biyu namiji yana faɗowa ina tsakiyar sauya kaya, kaina a buɗe. Sannan akwai wani abokin aikinmu da aka haifa namiji ya koma rayuwar mace, shi ma ɓangarenmu yake shiga. Na faɗa wa Hajiyarmu, ita kuma ta faɗa wa Yaya. Yanzu Yaya ya ce in ajiye aikin kafin ƙarshen wata, in ba haka ba babu shi babu ni. Ya samo wani ejan da zai ba ni sabuwar takardar ɗaukar nauyi a gidan tsofaffi na musulmi, fam 6,000, rabi yanzu rabi daga baya. Ni ke biyan hayar Hajiya da kuɗin makarantar ƙannena uku. Ko barci ba na iya yi. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, kada ki rubuta takardar ajiye aiki, kada kuma ki tura wa ejan ɗin nan ko kwabo. Ki karanta sauran a tsanake, amma waɗannan biyun ki riƙe su tun yanzu.

Kunyar da kika ji gaskiyarki ce. Macen da aka faɗo mata tana cire riga ba ta buƙatar wani ya tabbatar mata cewa an keta mata sutura, jikinta ya riga ya gaya mata. Kada wani a wurin aikin ya sa ki ɗauka ƙauyanci ne ko tsaurin addini. Turawan da kike aiki da su, mata da yawa cikinsu ba sa son hakan, kuma dokar ƙasarsu ta san da wannan tun kafin a haife ki. Akwai ƙa'idojin lafiya da walwalar wurin aiki na 1992. Sashe na 20 ya ce banɗakin maza daban, na mata daban, sai fa in kowane banɗaki ɗaki ne mai zaman kansa da ake kullewa daga ciki. Sashe na 24 ya zo kan ɗakin sauya kaya: in aikin na buƙatar tufafi na musamman, mai aiki, wato wanda ya ɗauki ma'aikatan, zai tanadi wuri, kuma inda kare mutunci ya buƙata, maza da mata su samu wuri daban ko lokaci daban. Wurin da namiji ya faɗo miki har sau biyu bai yi aikin da aka tanade shi dominsa ba. Abin da Yayanki yake so ki gudu a kansa, hakkinki ne da za ki iya nema a rubuce kina kan aikinki.

Ki rubuta wa manajarku saƙon imel, gajere, ba zafi a ciki. Ki faɗi ranakun da abin ya faru da lokacin. Ki ce kina neman wurin sauya kaya mai ƙofa da sakata, ko a ware wa mata lokacinsu, kuma kafin a gyara a ba ki izinin amfani da wani ɗaki mai makulli, ko a bar ki ki zo da kayan aikin a jikinki. Ki ambaci cewa addininki bai yarda ki buɗe jiki gaban namiji ba, domin dokar daidaito ta 2010 tana kare ma'aikaci ta fuskar addini da ta jinsi. Maganar baka a bakin ƙofar ofis iska ce ke kwashe ta, rubutu kuwa yana zama. Ki ajiye kwafi a imel ɗinki na kanki. In akwai sauran mata da abin ke damu, ku sa hannu tare, murya uku ta fi ɗaya nauyi. In aka yi biris da ke, ki shigar da koke ta hanyar da ke cikin littafin ma'aikatanku, ki kira Acas, hukumar ba da shawara da sasanta rikicin wurin aiki, shawararsu kyauta ce, ki kuma shiga ƙungiyar ƙwadago irin su Unison yau ɗin nan in ba ki ciki. Wanda kuwa ya leƙa ki da gangan ko ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, wannan ya wuce manaja, maganar 'yan sanda ce.

Sai batun abokin aikin naki da ya sauya jinsi, kuma a nan nake so ki taka a hankali sosai. Birtaniya kanta a rabe take kan wannan. Ranar 16 ga Afrilu 2025 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Amma alƙalan sun jaddada cewa masu sauya jinsi suna nan da kariyarsu daga wariya da cin zarafi a ƙarƙashin wannan dokar. Kina da damar neman wurin da babu wanda aka haifa namiji, ba ki da damar wulaƙanta mutum. A Sikotilan an dakatar da wata ma'aikaciyar jinya bayan ta yi sa-in-sa da likita mai sauya jinsi a ɗakin sauya kaya a ƙarshen 2023, magana ta kai kotun ma'aikata a 2025. Ita 'yar ƙasa ce, ta iya jure dogon rikici. Ke bizarki a hannun mai aikinki take. Don haka kada ki tare mutumin nan a ɗaki, kada ki yi masa habaici, kada ki sa shi a bakin zaurenku na WhatsApp, domin irin saƙonnin nan su ake bugawa a ajiye gaban mutum ranar ladabtarwa. Ƙorafinki kan tsarin ɗakin ne da waɗanda suka mayar da ɗakinku sito. Shi ma mutumin, mai yiwuwa da fargaba yake shiga wurin kullum, kuma ɗaki mai sakata zai hutar da ku duka.

Yanzu ejan. Na daɗe ina amsa wasiƙun 'yan ci-rani, kuma wannan tallar ta "gidan musulmi" ita ce ta fi ƙona mini rai, domin da addininki da kunyarki ake farautar kuɗinki. Takardar ɗaukar nauyi ba haja ba ce. Mai aikin da ke da lasisi shi ke bayar da ita, shi ke biyan kuɗinta ga ma'aikatar cikin gida, fam 525 tun Afrilun 2025, kuma an hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗin. Wanda ya ce ki kawo 6,000, sama da naira miliyan goma ke nan, ɗayan biyu ne: ko dai takardar bogi ce, ko kuwa kamfanin na sayar da guraben aikin da babu su. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula fiye da 470, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Cikin irin waɗannan na san wata 'yar Kawo da ta bar aikinta mai kyau saboda saɓani da shugabar sashensu, ta biya ejan, ta je sabon wurin ta tarar ofis ne mai ɗaki ɗaya, babu tsoho ko guda da za a kula da shi. Wata huɗu tana jiran a kira ta aiki kafin lasisin ya faɗi. Na san wani magidanci da iyalinsa suka sayar da fili a Rigasa suka tura masa, ranar da kuɗi ya shiga ranar lambar ejan ta daina shiga. Dukkansu ta hannun ɗan'uwa ejan ya zo, da sallama da rantsuwa da "ai ɗan gida ne". In kuma takardar bogi ta shiga cikin neman bizarki, ke za a kama da yaudara, kuma hakan na iya jawo miki haramcin shiga ƙasar har shekara 10, shi kuwa ejan yana nan yana neman wata.

Kin san yadda abin yake in kika ajiye aiki. Mai aikinki zai sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwanakin aiki 10, su kuma sukan rage bizar zuwa kwana 60. Kuma tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ɗaukar masu aikin kula daga ƙasashen waje. In kika dawo Kaduna, wannan ƙofar ba za ta sake buɗe miki ba. Ga waɗanda ke ciki irinki, sauya mai aiki yana nan. In har bayan koke kin ga wurin ba zai gyaru ba, ki nemi wani kina kan wannan: ki duba sunan kamfanin a rajistar masu lasisi da gwamnati ke wallafawa a intanet, ki tabbata hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kula a Ingila, ta yi masa rajista, ki tambayi yadda ɗakin sauya kayansu yake tun a ganawar ɗaukar aiki, ki jira sabuwar bizarki ta fito, sannan ki ba da sanarwar tafiya. Shawarar biza kuma ki karɓe ta daga lauya ko wanda hukumar IAA, mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ta yi wa rajista. Kada ki saki reshe ki kama ganye.

Bari in juyo kan Yayanki, kuma ki yi haƙuri in maganar ta yi nauyi. Kishin da ya ji na fahimce shi, kowane ɗan'uwa na gari zai ji zafi a ce an ga ƙanwarsa haka. Amma kishi na gaskiya yana zuwa da ɗaukar nauyi. Da ya ce ki ajiye aiki, ya ce shi zai karɓi hayar Hajiya? Ya ce zai biya wa yaran nan uku makaranta zangon da ke tafe? Fam 6,000 ɗin, daga aljihun wa? Ban ga ko ɗaya a wasiƙarki ba. Abin da na gani shi ne umarni daga nesa da barazanar yanke zumunci, a kan yarinyar da ke tashi cikin sanyi tana wanke tsofaffin wasu don gidansu ya tsaya. Wannan bai dace ba, kuma yanke zumunci ba abin wasa ba ne a addinin da yake kishi. Muna da wannan hali a gidajenmu: 'yar da ke waje mu ci guminta muna sa albarka, ranar da ta kawo kuka sai mu mayar da kukan laifinta. Shi ya sa da yawa suke yin shiru da abin da ya fi naki muni.

Kuma ai shi ɗan Tudun Wada ne, ya san gidan haya. Ya san gidan da iyali shida ke bin bayi ɗaya, mace ta ɗauki bokiti tun kafin asuba don kada ta yi karo da mazan gida, ta rataya zane a ƙofar langa-langa alamar da mutum a ciki, ta sa ƙanwarta gadi. Iyayenmu mata ba su bar gidajen nan sun kwana a titi ba. Sun yi wa mai gida magana, sun sa an kafa sakata, sun raba lokaci, sun tsare mutuncinsu da dabara da naci. Abin da nake ce miki ki yi ke nan, sai dai ke har doka kina da ita a bayanki, abin da su ba su samu ba.

Kada ki yi faɗa da shi, kada kuma ki yi masa ƙarya cewa kin ajiye. Ta wajen Hajiya za ki bi, domin ita tsoro ne ya sa ta kai maganar gaba, ba mugunta ba. Ki kira ta lokacin da take ita kaɗai, ki ce mata: "Hajiya, na kai ƙara wajen shugabanni a rubuce, dokarsu ta ce a ba mu wuri mai ƙofa, kuma kafin nan na nemi inda zan riƙa sauya kaya ni kaɗai. In na bar aikin yanzu, kwana 60 gare ni a ƙasar. Ki sa mini albarka, ki kuma ce wa Yaya ya ba ni lokaci." In akwai kawu ko malamin da Yayan ke jin nauyinsa, ki sa Hajiya ta kai masa maganar da lissafinta duka, har da kuɗin haya da na makaranta. Shi kuma Yaya ki roƙe shi abu guda cikin ladabi: ya karɓo miki sunan kamfanin da ejan yake magana a kai, da garin da yake. Ki duba rajista da idonki. A mafi yawan waɗanda na gani, daga wannan tambayar ejan ke fara kame-kame.

Gobe kafin ki shiga aiki ki tura imel ɗin. Ki samu wata cikin matan da kika yarda da ita, ku riƙa tsare wa juna labule har a ba da amsa. In mako biyu ya wuce ba ki ji komai ba, ki sake rubuto mini da abin da kika tura musu, mu tsara takardar koken tare. Allah ya tsare miki mutuncinki, ya kwantar wa Hajiya da hankali.