Shin Aikin Asibiti Ne Yake Jawo Mana Ciwon Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, da fatan ana aiki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 14 a wani babban asibiti. Cikin shekara uku abokan aikina uku sun kamu da ciwon daji: ungozoma biyu sankarar mama, sai wani mai shara da cutar ta kama shi a hanta, wanda Allah Ya yi wa rasuwa bara. Yanzu magana ta yi yawa a tsakaninmu, wasu na cewa na'urar ɗaukar hoton eksire da ke jikin ɗakinmu ce sanadi. Ni kuwa ina yawan aikin dare, kuma wani lokaci ni nake haɗa magungunan masu ciwon daji. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata nas a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba sauran lafiya.

Mutum uku a ma'aikata ɗaya abu ne mai tayar da hankali, amma shi kaɗai ba ya nuna cewa tushen cutar ɗaya ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar kan kamu da ciwon daji a tsawon rayuwarsa, sankarar mama kuwa ita ce kan gaba a tsakanin matan Najeriya, don haka a wurin da mata ɗaruruwa suke aiki ba abin mamaki ba ne a samu biyu. Abin da masana ke dubawa shi ne ko cutar iri ɗaya ce, ko wadda ba a saba gani ba ce, ko kuma ta kama masu aiki guda a ɗaki guda. Sankarar mama da ta hanta hanyarsu daban ce.

Na'urar hoto da ake zargi tana da tarihinta, ba a ƙi ba. Bayan gano hasken eksire a 1895, likitocin farko sun riƙa sa hannayensu a gabansa ba kariya, da yawansu suka rasa yatsu, wasu suka mutu da sankarar fata da ta jini, har aka kafa musu dutsen tunawa a birnin Hambog na Jamus a 1936. Yau lamarin ya sha bamban. Na'urar ba ta fitar da haske sai a daƙiƙar da aka danna ta, kuma idan mutum ya ninka tazararsa da ita, abin da ke riskarsa yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bangon da aka gina bisa ƙa'ida yana tare sauran. Waɗanda suka fi kusa da haɗarin su ne masu tsayawa gefen majinyaci a ɗakin tiyata ana haskawa, su ne kuma ya wajaba su sa rigar dalma da ɗan ma'aunin hasken nan da ake maƙalawa a ƙirji. Idan kuna kokwanton bangon naku, ku nemi hukumar asibiti a rubuce ta gayyato hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya ta auna, awo ɗaya zai kashe gardamar.

Ni abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne haɗa maganin. Wasu daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin sankara, irin su saikulofosfamaid, su kansu suna cikin jerin abubuwan da Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta tabbatar suna haddasa cutar. Tun a 1979 masu bincike a ƙasar Finlan suka gano alamun irin waɗannan magunguna a fitsarin nas-nas masu haɗa su. Na sha ganin ana zuƙo maganin a kan teburin ɗakin majinyata, fanka na kaɗawa, ɗigo ya faɗi a shafe shi da auduga, an jima kuma a kan teburin nan za a buɗe kular abinci. Maganin yana shiga ta fata da numfashi. Ƙa'ida ita ce a haɗa shi cikin akwati na musamman mai zuƙe iska, da safar hannu biyu, da riga mai dogon hannu wadda ruwa ba ya ratsawa, kuma a ɗauki fitsari da aman majinyaci a matsayin masu haɗari har awa 48 bayan an ba shi magani. Mai juna biyu da mai shayarwa ya kamata a sauya musu aiki. Masu ɗakin gwaji da na ajiyar gawa su ma suna da nasu, wato fomalin, sinadarin hana gawa ruɓewa, wanda aka tabbatar yana da alaƙa da sankarar bayan hanci da ta jini.

Aikin dare kuwa, cibiyar ta Liyon ta sa shi a 2019 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, amma hujjar da aka samu a jikin mutane ba ta kai ƙarfin ta magungunan ba. Ba zan ce ki bar shi ba, sai dai a rage jera darare da yawa, ki kuma riƙa duba mamanki kowane wata.

Sai marigayi mai shara. Babban abin da ke kawo sankarar hanta a ƙasarmu shi ne ciwon hanta nau'in B, kuma yawancin masu ɗauke da shi tun suna jarirai ko ƙananan yara suka samu, saboda haka ba wanda zai iya rantsuwa cewa a bakin aiki ya ɗauka. Duk da haka, allurar da aka yi wa mai cutar tana iya harbin wanda ta soka da yiwuwar kashi 6 zuwa 30 cikin ɗari, alhali ta ƙanjamau ba ta wuce kashi 0.3 ba, amma ƙanjamau ɗin muka fi tsoro. Ƙwayar nau'in B takan rayu mako guda a busasshen jini. Mai shara kuwa shi ne yake rungumar ledar da wani ya jefa allura a ciki maimakon akwatin allurai, kuma sau da yawa shi ake mantawa da shi ranar rigakafi. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yana warkewa da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12.

Ki je a gwada jininki. Idan ba ki da nau'in B, ki karɓi allurar rigakafi uku, ta biyu bayan wata guda, ta uku a wata na shida, ki kuma ja masu sharar ɗakinku ku tafi tare. Duk ranar da allura ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki kai rahoto nan take, ki tabbatar an rubuta shi da kwanan wata, domin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke aiwatarwa, da takarda take aiki.