Kada ka taɓa musu abinci

Ka ce fararen ɓerayen nan masu ciki sun fara tara kitse a mara, wai ko ka rage musu abinci? Kai yaro, ka fama mini tsohon gyambo.

Shekarun baya wani ɗalibi ya ba ni kafin alƙalami na 'ya'yan Wistar sittin, wato irin fararen ɓerayen da ake gwajin kimiyya da su, zai yi aikinsa na kammala karatu. Na haɗa mata takwas da maza, ciki ya kama, sai rasuwa ta kai ni Wurno. Na bar su hannun wani yaro sa'anka. Shi mai wayo, da ya ga sun yi ɓul-ɓul sai ya ce ƙiba za ta hana su haihuwa, ya raba abincinsu biyu. Kuɗin sauran kuwa, har yau bai faɗa mini inda suka shiga ba. Na dawo na iske haihuwa a tsakiyar zafin Afrilu. Na ɗaga jinjiri ɗaya a tafin hannu, ja wur, ina neman farin tabon nonon nan da ake hangowa ta fatar ciki, babu shi. Uwaye uku suka cinye nasu. Waɗanda suka kai yaye ba su cika ashirin ba. Da hannuna na mayar da kuɗin mutane, ɗalibin kuma ya tafi yana gaya wa 'yan ajinsu kayana ba su da kyau. Shekara biyu babu wanda ya leƙo ni daga cikinsu.

Kai ba kusun rumbu kake kiwo ba. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. Sati biyun farko tana ci tana ajiya, kitsen na taruwa kewayen mahaifa da ƙoda, don 'ya'yan ba su fara jan jikinta sosai ba. A satin ƙarshe jiki ke juyawa: insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya rage tasiri, kitsen ya riƙa narkewa cikin jini tana rayuwa da shi, sukari ya tafi ga 'ya'ya. Dab da haihuwa hantsarta ke janye maiƙon nan ya zama nono. Mai shayar da goma sai ta ci ninki biyu ko fi, kuma ka gan ta tana ramewa.

Yadda ake gane ranar da ciki ya shiga, ba zan ɓata bakina ba, ko makaho ya sani. Ku 'yan yanzu wata uku kun zama malamai. Ajiye wayar nan, je ka cika musu mazubi, ka duba ruwansu kafin azahar.