Tambaya da Amsa: Nahalal, Ƙauyen da Aka Zana Kamar Faifai

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina yawan jin kibbutz da moshav idan ana maganar ƙauyukan noma na Yahudawa. Shin abu ɗaya ne? Yaya moshav ya faro, kuma ya ɗore? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne. A kibbutz na asali gona ta kowa ce, tukunya ɗaya, aljihu ɗaya. A moshav kuwa kowane magidanci da gidansa da gonarsa, saye da sayarwa da neman bashi ne ake haɗawa.

Moshav na farko shi ne Nahalal, a Isra'ila ta yau, yamma da Nazarat, a kwarin da Larabawa ke kira Marj Ibn Amir. An kafa shi a Satumbar 1921, lokacin Falasɗinu na hannun Turawan Ingila. Waɗanda suka kafa shi baƙi ne daga Gabashin Turai, wasunsu sun baro Degania, kibbutz na farko, don suna son zaman kowa da iyalinsa. Cikinsu har da Shmuel Dayan, mahaifin Moshe Dayan, sanannen janar ɗin Isra'ila. Ƙa'idojin da ɗaya daga cikinsu, Eliezer Yoffe, ya rubuta a 1919 suka bi: ba a mallakar ƙasa sai haya, ba a ɗaukar ɗan ƙodago, wanda ya kwanta ciwo maƙwabta su nome masa, amfanin gona kuma ta hannun ƙungiya ake sayarwa.

Asusun Ƙasa na Yahudawa ne ya sayi filin daga iyalin Sursock na Beirut, masu takardar fili da ba a nan suke zaune ba. Bai kamata a tsallake wannan ba: cinikin Sursock a kwarin ya raba manoman Larabawa masu haya da yawa da gonakin da suka daɗe suna nomawa, ƙauyen Ma'alul na maƙwabtaka kuma ya zama kufai a 1948.

Wurin fadama ne mai zazzaɓin cizon sauro, sai da aka haƙa magudanan ruwa kafin a zauna sosai. Mai zanen gine-gine Richard Kauffmann ya zana garin a da'ira. Makaranta da kanti da zauren taro a tsakiya, hanya ta kewaye su, gidaje kusan 80 a bakinta, bayan kowane gida garken shanu da akurkin kaji, sannan gona ta miƙe tana faɗi kamar yankan kankana. Rabon kowane iyali kusan dunam 100 ne, wato hekta 10. Kowa nisansa da tsakiya ɗaya, amma da'irar a rufe take, ba inda za a ƙara gida. Ga shi ba a raba gona wajen gado, ɗa ɗaya ne ke ci gaba da ita, sauran su nemi wata sana'a.

Inda tsarin ya fi jin jiki shi ne bashi. Kowane manomi ya tsaya wa ɗan'uwansa lamuni, don haka banki ke bayarwa ba fargaba, malalaci da mai himma duk su karɓa. Da hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari a 1984, gwamnatin Isra'ila ta ɗaure ɗamarar gyara a 1985, kuɗin ruwa ya danne moshav da dama, manyan ƙungiyoyin sayen kaya suka durƙushe. Sai a 1992 aka yi dokar sasanta bashin, ƙauyuka da yawa suka soke lamunin juna. Nahalal na nan har yau da da'irarsa, sai dai a moshav da dama akasarin mazauna a gari suke aiki, masu noman kuma ma'aikata suke ɗauka, galibi daga ƙasar Tailan.