Tambaya da Amsa: Shin ma'aikatan gwamnati sun yi yawa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Mahaifinmu ya rasu yana aikin gwamnati, kuma wata bakwai ke nan ina zarya zuwa Birnin Kebbi a kan haƙƙoƙinsa. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da ofis cike da mutane, wasu na hira, wasu na danna waya, amsar kuma ɗaya ce: "Oga bai shigo ba, ka dawo mako mai zuwa." Shin ba gara a sallami rabinsu ba, a yi mana hanya da asibiti da kuɗin?
Daga mai karatu a Jega

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa. Haƙƙin marayu ake jan ƙafa a kansa, don haka ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai in wuce ba.

Abin da ka gani gaskiya ne. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a watan Agustan 1991. Da akawu na fara a ɗakin ajiye fayil, na yi ritaya a sashen kula da ma'aikata. Na zauna a ofishi irin wanda ka kwatanta: mu tara, kujeru shida, wanda ya makara ya koma gindin dogonyaro har a tashi.

To amma bari in kai ka wani wurin. An taɓa tura mu duba ma'aikata a wani ƙauye can wajen ƙasar Yawuri. Muka isa ɗakin shan magani da hantsi, muka tarar da mata zaune a kan tabarmi da yara a baya, zazzaɓi na cin su. Ma'aikaci ɗaya ne tilo a wurin. Shi ke rubuta kati, shi ke yin allura, shi ke share ɗakin, idan haihuwa ta zo da dare shi ake bugawa ƙofa. Na buɗe takardar da ke hannuna, sai ga sunaye bakwai. Na tambaye shi ina sauran shida. Biyu sun samo takarda daga manya sun koma birni, amma albashinsu ta nan yake fita. Ɗaya ya tafi karatu bai dawo ba. Ɗaya ya rasu shekara uku da suka wuce. Sauran biyun kuwa, ya ce da ni, "Wallahi Malam, ban taɓa sa su a ido ba."

Ka ga ke nan ofishin da ya ba ka haushi da wannan ɗakin shan magani ciwo ɗaya ne. An tara mutane inda ake da fanka da kwalta, an bar ƙauye wayam. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare; ka shiga makarantun ƙauyukanmu ka ƙirga da kanka. Yaushe rabon da manomin albasa ko na shinkafa a yankinku ya ga malamin gona a bakin gonarsa? Jiha mai ƙananan hukumomi 21, daga Kamba har Wasagu, ba ta da rarar malamai ko ungozoma. Abin da take da rararsa shi ne sunaye a takardar albashi.

Waɗannan su ake kira ma'aikatan bogi, kuma ba a nan kaɗai suke ba. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 bayan an gwada takardar albashi da lambar BVN ta banki, abin da ya rage wa gwamnati kashe sama da naira biliyan 2 a wata guda. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jinkirta fayil ɗin kowa, domin ba su taɓa zuwa ofis ba.

Ita kuwa sallamar rabin ma'aikata da kake so, an gwada irinta. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Akwai waɗanda suka cancanci kora, babu shakka. Amma dattawan da suka koya mana aiki sun sha gaya mana cewa tun daga ranar wanda ya tsira ya daina yarda aikin zai riƙe shi har tsufa, sai ya fara tanadin gobensa ta hanyar da ba ta dace ba. Kuma duk lokacin da aka ce za a rage, a kan masinja da mai gadi da direba gatarin ke sauka, mai uwa a gindin murhu yana nan daram. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, duk shekararsa 840,000 ce. Ka auna wannan da kuɗin motar babban jami'i ɗaya. Kwamitin Stephen Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba hukumominta, ya nuna inda kitsen yake tun 2012, ya ba da shawarar a rage hukumomin tarayya 263 da doka ta kafa su koma 161. Sai a Fabrairun 2024 aka amince a fara aiki da rahoton.

Ko tantance ma'aikata ma, idan ba a yi ta da tsoron Allah ba, cuta take zama. Ban manta wani tsohon masinja da na'ura ta ƙi karɓar yatsarsa ba, saboda fartanya ta cinye zanen. Wata huɗu babu albashi, yana tsaye a gabanmu da ransa ana ce masa na bogi ne. Ina goyon bayan a ƙirga ma'aikata, amma a je a same su a bakin aikinsu ba tare da sanarwa ba, ba a tara su a sakatariya rana ɗaya ba, inda wanda ke kasuwanci a Legas ma zai iya zuwa ya dangwala ya koma.

Sai fayil ɗinku. Abin da ke riƙe shi yawan teburan da zai bi ne, da kuma sa hannun mutum ɗaya da ba a ba kowa ikon yi a madadinsa ba. Ko an kori rabin ofishin, ranar da oga bai shigo ba haka za ka koma Jega hannu rabbana.

Ga abin da za ka yi. Ka nemi lambar fayil ɗin ka rubuta ta. Ka je ɗakin rajista ka roƙi a duba littafin shige da fice, a gaya maka teburin da yake da ranar da ya isa can. Ka rubuta takardar tuni zuwa ga shugaban ofishin, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Ka tafi da takardar shaidar rasuwa, da ta kama aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da takardar kotu ta magada, kowacce da kwafinta. Ka nemi wani daga ƙungiyar 'yan fansho ya raka ka, sun san ƙofofin. Kada ka ba kowa ko kwabo. Idan wata ɗaya ya wuce fayil bai motsa ba, ka sake rubuto mini ka gaya mini ranar da ke jikin hatimin.